Igiyar Zamanin Fijo a Wuyan Motar Yau

Duk wanda ya saba bin hanyar Zariya zuwa Kano ya san wannan abin kallo. Motoci biyu ne a jere a gefen titi suna tafiya sannu a hankali kamar masu rakiya, tsakaninsu wata igiya da tsawonta bai wuce taku huɗu ko biyar ba. Ta gaban yawanci Golf ce ta haya, wadda direbanta ya sauke fasinja ya ci karo da ciniki mai tsoka. Ta bayan kuwa ta fi ta kyau da tsada: Camry ce, ko Accord, ko Highlander, ta wani ma'aikaci ko ɗan kasuwa da ya taso daga Kaduna ko Abuja zai je ɗaurin aure a Gazara ko ta'aziyya a Ikara, sai inji ya mutu masa a wajajen Tashar Yari, inda ake ratsewa zuwa Maƙarfi. An buɗe gaban mota, an taɓa nan an taɓa can, an buga ta ƙi tashi. Daga nan bakaniken da aka ɗauko a kan babur ya goge hannu ya yanke hukunci: "Ranka ya daɗe, wannan sai gareji. A samo igiya a ja ta zuwa Zariya tun rana ba ta faɗi ba."

Mai mota ba ya musu. Hankalinsa yana kan rana da ke yin ƙasa, da iyalin da ke zaune a bakin titi, da kuma kuɗin da za a caje shi. A cikin mutum biyar ko shida da suka taru a wurin, da wuya a samu wanda zai tambayi irin giyar da motar take da ita, alhali a kan amsar wannan tambaya ne za a san ko gyaran na dubban naira ne ko kuwa ya koma na dubban ɗaruruwa.

Kafin a soki wannan al'ada ya kamata a ba ta haƙƙinta. Jan mota da igiya yana daga cikin kyawawan ɗabi'un hanya da suka rage a ƙasar Hausa. Direban da bai san mutum ba, bai san garinsu ba, zai tsaya ya kwance igiyar da yake ɗaure kaya da ita, ya ja shi zuwa inda zai samu taimako, wani lokaci ma ya ƙi karɓar komai sai na mai. A ƙauyukan Kudan da Maƙarfi da Ikara, inda garejin da ke da kayan aiki sosai yake da nisa, wannan igiya ta kai masu naƙuda asibiti, ta raba mutane da kwanan daji. Wanda ya ce a haramta ta baki ɗaya bai taɓa tsayawa shi kaɗai a bakin titi da magariba ba. Matsalar ita ce an gaji igiyar ne daga wani zamani, kuma motar da aka ƙirƙiro dabarar dominta ta kusa ƙarewa a kan titi, titin ma ya sauya, igiyar ce kaɗai take nan yadda take.

Abin da ke faruwa a cikin giya

Tun daga 1975, lokacin da kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, fijo 504 ta zama ma'aunin mota a Arewa. A kanta akasarin manyan bakanikan yau suka koyi aiki, ko kuma a hannun waɗanda suka koya a kanta. Giyarta ta hannu ce. A irin wannan giya, haƙoran ƙarfen suna zaune ne a cikin mai, juyawarsu ce take fantsama man ya jiƙa sauran sassa. Idan aka sa ta a firi aka ja ta na 'yan kilomitoci, babu abin da zai same ta. Haka Golf da Hiace da sauran motocin tasha masu kuloci. Saboda haka ilimin da bakanike yake taƙama da shi gaskiya ne, ya gwada ya gani sau ɗari, sai dai a kan wata irin mota dabam.

Motocin da masu albashi suke hawa a yau, musamman 'yan Kwatano da aka shigo da su daga Amurka da Kanada, kusan dukkansu otomatik ne. Giyar otomatik tana rayuwa ne da matsin mai. A cikinta akwai famfo wanda yake tura man giya ta ƙananan hanyoyi zuwa faya-fayan kuloci da bororin da sassan suke juyawa a kai, ya kuma kai shi inda zai huce ya dawo. Wannan famfo inji ne yake juya shi. Da zarar inji ya mutu, famfo ya tsaya. To amma idan ana jan motar tayoyinta suna ƙasa, tayoyin suna juya shaf, shaf yana juya rabin kayan cikin giyar, ko da kuwa an sa ta a N. Ke nan ƙarfe yana gugar ƙarfe da gudu, man da zai shiga tsakaninsu yana kwance a ƙasan kasko. A kilomita na farko ɗan man da ya rage a jikin sassan yana rufa asiri. Can gaba zafi ya taru, faya-fayan su fara ƙonewa, kuma babu fitilar da za ta kama a gaban direba ta faɗa masa, tunda komai a kashe yake.

Masu ƙera motocin ba su ɓoye wannan ba. Littafin da ke zuwa da motocin Toyota da dama ya yarda da jan gaggawa ne kawai a kan titi mai kwalta, da gudun da bai kai kilomita 30 cikin sa'a ba, da nisan da bai wuce kilomita 80 ba. Volkswagen ya ƙayyade wa motocinsa na otomatik kilomita 50 cikin sa'a da nisan kilomita 50. Waɗannan iyakoki ne na ƙarshe, kuma abin lura a cikinsu shi ne gudun. Direban Golf da aka yi jinga da shi, wanda yake son ya koma tasha ya kama layi, ba zai yi tafiyar kilomita 30 cikin sa'a a kan titin da ya zama shimfiɗa ba. Zai taka sittin, ya taka saba'in.

Akwai kuma motocin da abin ya fi haka tsanani. Corolla ta Amurka daga 2014, da Accord mai silinda huɗu daga 2013, yawancinsu suna da nau'in giyar da ake kira CVT, mai aiki da bel na ƙarfe a tsakanin fulai biyu, wadda ba ta da haƙurin rashin mai, kuma gyaranta a gareji na gefen titi sai a hankali, galibi sai dai a sauya ta ɗungurungum. Motocin da ƙafafunsu huɗu duk suke ja, kamar wasu Highlander da RAV4 da Lexus RX, ɗaga gabansu kawai a bar na baya suna birgima yana iya lalata abin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Masu haɗa fetur da lantarki irin su Prius kuwa, juyawar tayar gaba tana juya injin lantarkin ya riƙa samar da wuta a lokacin da babu mai lura da ita.

Abin takaicin shi ne ɓarnar ba ta cika bayyana a ranar ba. Za a isa gareji, a tarar famfon fetur ne ya mutu ko wata waya ce ta tsinke, a gyara da kuɗi kaɗan, mai mota ya yi godiya ya tafi. Bayan sati biyu ko wata guda giya ta fara jinkirin shiga, tana fizga, man ya yi baƙi yana warin ƙuna. Sai a ce ai dama motocin Kwatano haka suke, ko a ɗora wa wanda ya sayar da ita laifi. Igiya ta sha da ƙyar, ba wanda ya tuna da ita, gobe kuma a sake ɗaura ta a wuyan wata motar.

Mai birkin da ba shi da birki

Asarar giya ta kuɗi ce, ana iya mayarwa. Ɗaya ɓangaren na rai ne.

Ƙa'idar ja da igiya, kamar yadda tsofaffin direbobi suka sani, ita ce na baya shi ne mai birki. Dole igiya ta kasance a miƙe koyaushe. Idan ta yi sako-sako sannan na gaba ya fizga, ko ta tsinke ko ta ɓalle abin da aka ɗaura ta a jiki. Don haka idan za a rage gudu, na baya ne zai fara taka birki ya riƙe motocin biyu. Sai dai birkin motar zamani yana samun ƙarfinsa ne daga zuƙar iskar da inji yake yi. Inji a kashe, taku ɗaya ko biyu ne suke da laushi, na uku sai feda ta zama kamar dutse. Birkin yana nan, amma sai an tsaya a kansa da dukkan ƙarfin ƙafa kafin ya kama rabin yadda ya saba. Sitiyarin ma haka: wanda ke aiki da mai, bel ɗin inji ne yake juya famfonsa, wanda ke aiki da lantarki kuma ba ya taimakawa in motar ba ta kunne ko batir ya mutu. An ɗora nauyin tsayar da motoci biyu a kan mutumin da aka raba shi da kayan tsayarwa. Kuma wa ake sawa a wannan kujera? Sau da yawa yaron bakanike ne ɗan shekara sha bakwai, saboda maigidan ya gaji ya koma gidan gaba na Golf, ogan kuma ya hau babur ɗinsa ya yi gaba.

Lissafin ba shi da wuya. Motar da ke tafiyar kilomita 40 cikin sa'a tana cin kimanin mita 11 a kowace daƙiƙa. Ana koya wa direba ya bar tazarar daƙiƙa biyu tsakaninsa da na gabansa, wato mita 22 a wannan gudun. Igiya mai mita huɗu ta ba shi kusan sulusin daƙiƙa guda. Idan akuya ta faɗo titi, ko ɗan acaɓa ya yanko daga lungu, na gaba zai taka birki ba tare da shawara da kowa ba, na baya kuma sai dai ya ji ƙara. Ga batun nauyi: Golf ba ta fi tan ɗaya da 'yan kai ba, Camry ta kai tan ɗaya da rabi, Highlander tana wajen tan biyu. A gangara, abin da ake ja ya fi mai jan nauyi, kuma shi ne yake tura shi.

Haɗari na uku na wanda bai san ana yi ba ne. A mahaɗa ko cikin gari ranar kasuwa, mai babur ya hangi fili tsakanin motoci biyu sai ya kutsa, ba ya ganin siririyar igiyar leda mai launin ƙasa, balle da yamma ko a cikin hazon hunturu, wanda kuma shi ne lokacin da manyan motoci suka fi yin jigilar rake a yankin Maƙarfi da Kudan. A Ingila doka ta hana igiyar ja ta wuce mita huɗu da rabi, ta kuma wajabta a sa mata alamar da za a gan ta in ta haura mita ɗaya da rabi. Tsumma ja guda ɗaya a tsakiyar igiya ya biya wannan buƙata. Ko kwabo ba ya ci, amma da wuya a gan shi.

Wurin ɗaurawa ma abin dubawa ne. Motoci da yawa suna da wata 'yar murfi a jikin bamba wadda ake ɓallewa a murɗa zoben ƙarfe na ja, zoben kuma yana ajiye tare da jak a but. Wanda bai san da shi ba sai ya leƙa ƙarƙashi ya ɗaura a duk ƙarfen da hannunsa ya kai, wani lokaci sandar sitiyari, wani lokaci ƙarfen da ke riƙe da lagireto. Fizga ɗaya ta isa ta lanƙwasa su.

Masu jan lafiyayyar mota

Akwai inda jan mota tayoyi huɗu a ƙasa ya zama abin yau da kullum, har ya zama fanni mai kasuwarsa da mujallunsa. A Amurka da Kanada, mutane da yawa, musamman waɗanda suka yi ritaya, suna sayen wata babbar mota mai girman bas wadda cikinta gida ne sosai, da gado da kicin da banɗaki, su riƙa yawo da ita jiha zuwa jiha. Yawancin irin waɗannan gidaje masu tafiya ana ƙera su ne a yankin Elkhart na jihar Indiyana. Da yake ba a shiga kasuwa ko lungun gari da abu mai tsawon mita goma sha biyu, sai su ɗaure ƙaramar mota a baya su ja ta duk inda za su, idan sun yada zango su kwance ta su yi zirga-zirga. Suna yi mata laƙabi da sunan ɗan kwale-kwalen da ake ɗaurewa a bayan babban jirgin ruwa. Babu kowa a cikinta, kuma tana iya bin su dubban kilomitoci.

Mai karatu zai iya cewa wannan shagalin masu ƙoshi ne, ina ruwan mai mataccen inji a hanyar Gazara da shi. Gaskiya ne yanayin ya bambanta: su lafiyayyar mota suke ja don nishaɗi bayan shiri na watanni, a nan kuwa mara lafiya ake ja cikin ruɗani. Amma dokokin ƙarfe da mai da nauyi ba su san Indiyana da Ikara ba, kuma da yake su sun daɗe suna ƙona giya da kuɗinsu, sun tace matsalar ta koma 'yan tambayoyi da ba sa tashi sai sun amsa su.

Ta farko ita ce ko mai ƙera motar ya yarda a ja ta haka. Ba kowace mota ake saya don wannan aiki ba. Jeep Wrangler ta yi suna a wurinsu saboda tana da ƙaramar giya ta biyu wadda ake sawa a firi ta raba tayoyi da babbar giyar kwata-kwata. Honda CR-V ma sun daɗe suna sonta, har zuwa ta 2014. Da aka sa mata CVT a 2015 sai ta fita daga jerin. Ko waccan tsohuwar da aka yarda da ita, sai an bi wasu sharuɗɗa: a tayar da inji, a bi da giya ta kowane matsayi, a dawo da ita N daga D, a bar injin ya yi aiki minti uku don mai ya zagaya, sannan a maimaita bayan kowace sa'a takwas ta tafiya. Kamfanin ya yi gargaɗin cewa shiga N daga R kafin ja yana iya lalata giyar. Idan wannan ɗan bambanci na motsa hannu yana da irin wannan sakamako a motar da aka amince a ja, sai a auna abin da ke samun wadda ba a amince ba, a bayan Golf, a kan gudun saba'in.

Ta biyu ita ce wa zai tsayar da ita. Ba sa amfani da igiya. Ƙarfe ne mai ƙafa biyu kamar baka, wanda ake ɗaure shi da wani faranti da aka kafe a jikin firam ɗin motar, don haka tazarar ba ta raguwa ba ta ƙaruwa. Duk da haka jihohi da dama sun wajabta ƙarin birki idan abin da ake ja ya kai wani nauyi, a wurare da yawa fam 3,000, wato kimanin kilo 1,360, wanda Camry ta wuce shi. Sai su ajiye wata na'ura a gaban kujerar direba wadda take danna fedar birki duk lokacin da babbar motar ta rage gudu. Fitilun birki da sigina na ƙaramar ma ana haɗa su da na babbar ta waya.

Ta uku, me zai faru in mahaɗin ya ɓalle? Akwai igiyoyin ƙarfe biyu na ko-ta-kwana da ake gicciye su a ƙarƙashin ƙarfen jan, akwai kuma wata siririyar waya wadda idan motar ta rabu da mai janta za ta fizge wani maɓalli, birki ya kama da kansa.

Babu mai cewa a sayo waɗannan kaya a kawo Tashar Yari. Tambayoyin ne abin ɗauka, kuma duk ukun suna da amsa mai araha a nan gida.

Dalilin da ya sa ake gudun janwe

Ta fuskar fasaha maganar a bayyane take. Motar otomatik mai ja da gaba, a ɗaga gabanta. Mai ja da baya irin Hilux, a kwance furofela, aikin da bakanike zai gama cikin ɗan lokaci da sifana biyu. Mai ja da ƙafa huɗu, ko CVT, ko mai haɗin lantarki, a ɗora ta gaba ɗaya a kan motar janwe mai shimfiɗaɗɗen baya. To me ya sa masu ilimi, waɗanda suke iya karanta littafin motarsu da Turanci, suke zaɓar igiya?

Tsada tana ciki. Motar janwe sai an kira ta daga Zariya ko Kano, za ta caji zuwa da dawowa, kuma tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 duk abin da ya shafi sufuri ya yi tashin gwauron zabo. Babu tsayayyen farashi, don haka mai janwe yana duban motar da rigar mai ita da kuma inda rana take kafin ya buɗe baki. Tsoro ma yana ciki, kuma ba tsoron banza ba ne. A shekarun da satar mutane ta addabi sassan jihar Kaduna, mutane sun koyi cewa jiran sa'a uku a bakin titi da iyali ya fi asarar giya muni. Barin motar ta kwana kuma yana nufin a dawo a tarar babu batir, babu madubi, wataƙila babu ƙwaƙwalwar injin.

Dalili na uku ya fi waɗannan zurfi. A tunanin direban Najeriya, janwen hukuma ba ta zuwa ceto, kamu take zuwa. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da motocin janye abin da ya tare hanya da lambar gaggawa ta 122, jihar Kaduna kuma tana da KASTLEA. Kawar da matacciyar mota daga kan titi aiki ne da ya wajaba, domin tirelar da aka bari a duhu da 'yan ganyaye a bayanta a madadin alamar gargaɗi ta ci rayuka masu yawa. Amma tunda janyewar takan zo tare da takardar laifin tare hanya da kuɗin ja da zaryar karɓo mota, mai mota yana ganin gara ya ɓace daga wurin kafin jami'ai su iso, ko da igiyar ɗaure buhu ce. Tsarin da ya mayar da lalacewar mota tamkar laifi, shi da kansa yake haifar da jan gaggawa marar tsari da yake son hanawa.

Titin kuma ya ƙara wa abin nauyi. Aikin sake gina hanyar Abuja zuwa Kano da Julius Berger ya fara a 2018 ya mayar da ɓangaren Zariya zuwa Kano santsi, ramukan da suke tilasta wa kowa rage gudu sun tafi. Motoci biyu masu rarrafe a kan talatin, ta bayan babu fitila saboda batir ya mutu, a titin da Sharan da Hummer suke wuce ɗari da ashirin, tarko ne. Jamusawa, waɗanda suka fi kowa sanin titin gudu, dokarsu ta ce wanda yake jan motar da ta lalace a babban titi dole ya sauka a mafita ta farko, ba a yarda ya hau titin da ita ba, kuma motocin biyu su kunna fitilun gargaɗi. Hikimar ita ce igiya ta fitar da mutum daga haɗari ce, ba ta kai shi gida ba.

Wannan ne matsayin da ya dace a mayar da ita. A ja motar zuwa gidan mai mafi kusa, ko tasha, ko ƙofar mai unguwa, inda za a ba maigadi wani abu ya kula da ita: kilomita biyu ko uku, a hankali, da rana, da tsumma ja, da ƙwararren direba a baya, makulli a kunne don kada sitiyari ya kulle. Idan injin yana iya tashi kuma matsalar ba ta zafi ko baƙin mai ba ce, a bar shi yana aiki, domin hakan yana dawo da famfon giya da birki da sitiyari gaba ɗaya. Daga nan a sake shawara cikin natsuwa. Sau da yawa kawo bakanike da mai gyaran waya wurin motar ya fi kai motar wurinsu sauƙi, tunda abin da ke kashe mota a hanya yakan zama famfon fetur ne ko bel ko fis ko abin cajin batir, waɗanda duk ana ɗauko su a kan babur.

Ga motocin tasha masu giyar hannu, waɗanda za a ci gaba da jan su ko an so ko an ƙi, abin da ya kamata ya maye gurbin igiya shi ne ƙarfen ja: bututu mai kauri, tsawon mita biyu ko ƙasa da haka, da zobe a kowane kai da sarƙar ko-ta-kwana. Direbobin manyan motoci sun daɗe da saninsa, da shi suke jan junansu. Duk mai walda a Maƙarfi ko Hunƙuyi ko Ikara zai iya haɗa shi a yini guda. Da shi nauyin tsayawa yana komawa kan motar gaba mai cikakken birki, muddin ta fi ta bayan nauyi, kuma babu filin da mai babur zai yi sha'awar kutsawa. 'Yan yuniyon na NURTW suna karɓar kuɗi a kan kowace mota da ta yi lodi. Ajiye irin wannan ƙarfe biyu a kowace tasha, da dokar cewa ɗan ƙungiya ba ya jan mota da igiya a babban titi, abu ne da shugaban reshe zai iya zartarwa ba tare da jiran Abuja ba, kuma maganarsa ta fi ta jami'i mai kaki shiga kunnen direba.

Batun janwe kuwa, akwai mai cewa ƙananan hukumomin uku su haɗa kuɗi su sayi guda, musamman bayan hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yuli 2024 a kan 'yancin kuɗinsu. Shawara ce mai daɗin ji, amma duk wanda ya taɓa zagaya bayan sakatariyar ƙaramar hukuma a Arewa ya ga maƙabartar taraktoci da motocin asibiti da taya ɗaya ta kashe. Abin da ya fi kama da mai ɗorewa shi ne ɗan kasuwa mai janwe ya samu wurin zama a mahaɗa, hukuma ta tsaya a kan abu biyu: farashi a rubuce bisa kilomita a allon da kowa zai gani, da alkawarin cewa wanda ya kira da kansa don a ɗauke motarsa ba za a rubuta masa takardar laifi ba. Kafin a kai ga haka ma, Kanta da ta sauke kaya za ta koma Zariya fayau tana iya ɗaukar ƙaramar mota idan aka samu tudun lodi da igiyoyin ɗauri masu ƙarfi, kuma direbanta zai yi murna da cinikin.

Saura mai motar, wanda shi ne ya fi kowa asara kuma ya fi kowa ikon hanawa. Bakanike yana faɗin abin da ya sani ne, direban Golf kuma jinga yake nema. Mutumin da ya karanta yarjejeniyar banki shafi talatin kafin ya ci bashin sayen motar, shi ne bai taɓa buɗe shafi biyu na littafinta da suka yi bayanin ja ba. Idan littafin bai zo da ita ba, kamar yadda yake a yawancin 'yan Kwatano, Toyota da Honda suna ajiye na kowace shekara a shafukansu na intanet kyauta, ana sauke shi a waya. Zoben jan kuma, ga motocin da suke da shi, yana da kyau a leƙa but a tabbatar yana nan tun ana gida, domin shi da jak da sifanar taya suna cikin abubuwan da suke yin ɓatan dabo tsakanin tashar jirgin ruwa da wurin dillali.